Motar Da Ba Ta Da Wurin Mai Jinya

An ce ina da girman kai. To ina da shi, kuma ba zan ajiye ba. Amma yau, masu karatu, ku ɗan bar zancen halina ku ji abin da wata 'yar jar mota ta nuna mini a daminar nan ta 1996. In kun gama ji, wanda zai zage ni ya zaga.

Ga wanda yau ya fara bin labarina: sunana Zuwaira, 'yar Malam Garba mai lambu a bakin tafkin Madarumfa. Ina koyar da 'yan aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Ni ce 'yar fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba. Sai dai "ke", in kuma ya yi fushi, "waccan". Shekarata ashirin da huɗu ba aure, abin da ke hana Goggo Barira, ƙanwar Baba, barci ke nan. Samarin da na sallama suna da yawa. Wanda na riƙe shi ne Abdurrahman, kuma ku rubuta wannan ku ajiye: ba wanda ya zaɓa mini shi. Ni na ɗauko shi da hannuna na kawo gida, ina hura hanci.

A Ɗan Issa yake aiki, yana cika takardun motocin da ake kawowa daga Kwatano a tsallaka da su Najeriya. Tun da aka sa ranar bikinmu bayan kaka yake cewa zai sayi mota. Mun yi magana, mun tsaya a kan Pijo mai dogon baya, irin wadda ke ɗaukar mutane da buhunan gero da tunkiya in ta kama. A garinmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai mota shi ake buga wa ƙofa in naƙuda ta yi gardama, shi ke kai tsoho asibiti, shi ke ɗauko gawa. Kowa ya san haka.

Ran nan sai ga kaset ya aiko mini, don shi ba ya rubutu in ba a takardar duwan ba, wato kwastam. Na sa a rediyon Inna, na rage murya. Bayan sallama da kirarin da ya saba yi mini sai na ji: "Zuwaira, ranar Juma'a bayan masallaci ki kasa kunne. Abin da zan zo da shi, ko a Yamai ba kowa ke da shi ba."

Juma'a na yi kwalliya, ba zan ɓoye ba. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen tsuntsaye, na kafa ɗankwali, na ja kwalli. Can sai muka ji ƙara kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Muka fito ƙofar gida, ni da Inna da Goggo.

Ja ce jawur, 'yar gajeruwa, kamar an taka ta. Ba rufi. Abdurrahman na zaune a ciki gindinsa kusan a ƙasa, da farar shadda da baƙin tabarau, kansa ba hula. Daga baya na ji iska ta sauke hular tun a hanyar Ɗan Issa. Ya zo hawa ɗan tudun da Baba ya yi a ƙofar gida don tare ruwa, sai cikin motar ya ja ƙasa, ƙurrr, har haƙorana suka amsa.

Goggo Barira ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Motar Turawa a ƙofar Garba! Ina masu cewa ɗiyarmu ta yi kwantai? Ku fito ku gani!"

Ya fito da ƙyar, yana dafa ƙofa kamar mai fitowa daga rijiya. Ya gaida su, ya juyo gare ni yana washe baki.

"Madam, yaya kika gani?"

Na zagaya ta. Na leƙa baya, na leƙa gaba.

"Ina sauran kujerun?"

"Wane saura? Biyu ne. Ni da ke."

"Kin ji so!" in ji Goggo, tana tafa hannu. "Ni da ke! Mu namu mazan ko a jaki ba su ce mana haka ba."

"Inna fa?" na ce. "In za ta gaisuwa Safo, a ina za ta zauna?"

Inna ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Ke, ni na ce miki zan shiga?"

Na matsa kusa, sai wari ya buge ni. Ya zazzaga mata turare, irin mai ƙarfin nan na 'yan kasuwa, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani abu, kamar tsumman da aka manta a gindin randa. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa ta ɓangaren fasinja. A jiƙe take sharkaf, bayanta baƙi da fumfuna, ga wasu fararen ƙwari suna gudu. Ƙarfen da ke ƙasa ya yi tsatsa har ya huje. Ta hujin na hango yashin ƙofar gidanmu.

"Abdurrahman, motarka na da taga a ƙasa."

"Ɗan walda ne kawai. Ke komai sai kin yi masa binciken lakwal."

"Rufin fa?"

Ya jawo shi daga bayan kujeru. Baƙin tampol ne a kan 'yan ƙarafa, an yi masa faci da zaren buhu. Gefen direba ya kama, gefen fasinja ya ƙi, ya bar rata da hannuna zai shige.

"Zai saki," ya ce. "Sanyin ƙasar Turawa ne ya takura shi."

'Yan'uwana mata, in saurayinki ya ce zai sayi irin wannan, kar fenti ya ɗauke miki ido. Durƙusa ki leƙa cikinta. Can inda aka hau ta shekara da shekaru gishiri suke watsawa a hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishiri cin ƙarfe yake. Ɗaga shimfiɗa ki shinshina. Ki sa shi ya rufe rufin ya zauna a ciki da sabuwar shaddarsa, ki sheƙa bokitin ruwa a sama, ki ga ko zai fito yana dariya. Ki tambaye shi wane makaniki ne a Maraɗi ya taɓa buɗe irinta. Duk wannan na sani a ranar. Abin da ban sani ba shi ne, kujerun ma magana suke. Mutumin da ya je har Kwatano ya zaɓo mota mai kujera biyu, ya riga ya faɗa wa gari abin da ke ransa.

Da dare ya yi Goggo ta tasa ni gaba a tsakar gida.

"Ke wace iri ce? Mutum ya kawo mota kina shinshina ta kamar akuya? Mota mota ce!"

Ni na kawo shi, da wane baki zan kushe shi?

Yanzu bari in gabatar muku da Inde. Ita ta haifi Baba da Goggo. Tana zaune a wani ɗan ƙauye bayan Safo, ta ƙi dawowa gari, ta ce ba ta barin gonarta da kukar da iyayenta ke yi wa yanka. Ba ta taɓa fasa noma ba. Tun ranar da na kai mata Abdurrahman gaisuwa ta ƙwace shi da wasan jika, ba ta kiransa sai "angona". Da ta ji labarin motar ta aiko a ce masa: "Ku ce ma angona ina jiran shi, ni za a fara ɗauka."

An fara ɗaukar ta ɗin kuwa.

Wajen tsakiyar Agusta, muna hutun lakwal, hauya ta sare ta a ƙafa. Ta ɗaure da ganye ta ci gaba da aiki, ba ta gaya wa kowa ba. Sai da ƙafar ta kumbura ta fara ɗoyi sannan maƙwabcinta Dogo ya ɗoro ta a amalanken jakinsa ya kawo ta. Baba yana gona mai nisa. Muka kai ta wurin majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu. Da ya kwance tsumman, Inna ta fita waje da gudu. Ni na tsaya. Yatsun sun yi baƙi, ruwa na tsiyaya.

"Maraɗi," in ji majo. "Yau, ba gobe ba." Ya rubuta takarda ya miƙo mini. Motar asibiti ta fita da mai naƙuda tun hantsi. Na je tasha, motocin haya duk sun tashi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Goggo ta ce, "To mu da muke da mota a gida?"

Na aika aka kira Abdurrahman. Ya zo, ban ce bai zo ba. Amma da ya shigo ɗakin da Inde ke kwance, sai da ya ja baya ya zaro hankici ya toshe hanci.

"Angona," Inde ta ce da 'yar muryarta, "ka zo ɗaukar amarya?"

"Sannu, Inde." Ya jawo ni gefe. "Zuwaira, kujerun nan na fata ne. In abin nan ya shiga, ba ya fita."

Na dube shi. "Me kake so a yi?"

"A samo buhu. Da leda."

Aka samo buhunan taki guda biyu ya shimfiɗa da hannunsa, yana gyara kowane lungu. Ya sa aka zura ƙafar kakata a baƙar leda aka ɗaure, kamar kifin da za a kai kasuwa. Dogo ya ɗauko ta ya zaunar.

Sai maganar mai jinya. Kun san asibiti ba a kai mutum a ajiye a juyo. Dole a bar masa wanda zai yi masa wanka, ya dafa masa kunu, ya kai shi bayan gida, ya je sayen magani. Kuma mai jinya da kayansa yake tafiya: tabarma, bokiti, buta, kwanuka, ɗan murhu. Inna ta ƙulle su a zani. Abdurrahman ya buɗe bayan motar. Taya ce a ciki, da gwangwanin man goge fenti, da tsumma. Ko butar ba ta samu wuri ba.

"Ki biyo mu gobe da safe a motar haya," ya ce.

"Wa zai kwana da ita?"

"To ni ya zan yi? Kin ga dai kujera biyu ce."

"Na gani tun ranar Juma'ar nan."

Na tattare zanena, na taka taya, na hau bayan kujeru, kan naɗaɗɗen rufin. Na zura ƙafafuna tsakanin kujerun, na rungume ƙullin kaya a cinya, na dafa kafaɗar Inde da hannu ɗaya.

"Za ki lanƙwasa ƙarafan!" ya ce.

"Ja mota."

Haka muka ratsa Madarumfa, ni a sama kamar tulu a kan gammo. Mazan da ke zaune a gindin bishiyar bedi suka bar hira suka bi mu da ido. Na ji wata ta ce, "La, Madam ce!" Ban sunkuyar da kai ba. Ƙarafan rufin suna cin cinyoyina, bokiti na bugun haƙarƙarina, na daure.

Da muka fita gari muka hau hanyar jar ƙasa, sai tafiya ta koma rarrafe. Duk ramin da cikin motar ya taɓa, Abdurrahman ya ce "Wayyo!" kamar shi aka soka. Inde da ƙafarta ke ruɓewa ba ta ce wayyo ko sau ɗaya ba. Hannu ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana riƙe da hankici a hanci, a motar da ba ta da rufi, iska ta ko'ina.

"Ka ƙara wuta, hadari na zuwa."

"In na ƙara, bututun hayaƙi zai tsinke. Ke za ki samo mini wani? Sai an aika Kwatano!"

Ba mu kai kwalta ba iska ta juya, ta kawo ƙanshin ruwa. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi. Ya taka birki.

"Sauka in rufe."

"In sauka ina?"

"Rufin ba ya tashi kina kansa. Ruwa zai shiga rediyo, ga kujeru, ga Inde ma."

Ku sake karanta wannan jerin, masu karatu. Rediyo. Kujeru. Sannan Inde.

Na waiga. Gonakin gero ne hagu da dama, ba gida ba rumfa. Na dubi kakata, ruwa ya fara sauka a furfurarta, jikinta zafi kamar garwashi. Saboda ita na sauka, ba don shi ba. Har na kama masa muka ja tampol ɗin. Gefensa ya kama ƙas. Gefenta ya bar ratarsa yadda na gan ta ranar farko, ruwa na zuba kai tsaye a kafaɗarta. Na cire mayafina na cusa a ratar. Na miƙa masa takardar majo.

"Ka shiga da ita ciki, ka ba su wannan. Kar ka bar ta sai na iso."

"Haba, sai kin faɗa? Ina ajiye ta zan dawo in ɗauke ki."

Ya soka takardar a aljihu. Inde ta leƙo ta gilashi ta ce, "'Yar lakwal, ki rufe kanki da bokitin."

Suka tafi. Na ɗora ƙullin a kai na bi sawun tayarsu. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Takalmina ya tsinke, na cire na riƙe. Jar laka har idon sawu, atamfa ta manne mini a jiki, kwalli ya gangaro har baki. Duk ƙarar da na ji sai in ɗaga kai in ce shi ne. Ban yi kuka ba. Na rantse a raina ko zan mutu a hanyar nan ba zan zubar wa wannan mota hawaye ba.

Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta tsaya mini, ta ɗauko ɗanyun fatun awaki za ta kai wa majema a Maraɗi. Gaba a cike, mutum huɗu a wurin mutum biyu. Direban ya leƙo.

"Baiwar Allah, lafiya? In za ki iya da wari, hau baya."

Na hau. Fatu ne jibge, jiƙaƙƙu, da sauran kitse da jini a jikinsu, masu santsi kamar majina. Na zauna a kansu suka nutse da ni. Ruwan da ke fita daga cikinsu ya ratsa zanena. Na yi amai har sau biyu ta gefen mota. Amma wallahi, tsakanin wannan wari da turaren Abdurrahman, na zaɓi fatun. Su ba su ɓoye abin da suke ba.

Ana kiran magariba na isa ƙofar asibitin. Ina neman jar mota, ban gan ta ba. Sai na ji an ce, "'Yar lakwal."

A ƙasa take, a jikin katanga, wajen ƙofa. A kan buhun takin. Har yanzu ledar na ƙafarta. Wata mai tuyar ƙosai ce ta ja ta ƙarƙashin 'yar rumfarta ta lulluɓa mata zani. Haƙoranta na kaɗawa.

"Inde! Ina yake?"

"Angona ya tai wankin mota," ta ce. "Ya ce na ɓata mishi shimfiɗa."

Mai ƙosan ta taso tana riƙe da matsami. "Ke ce tata? Wane ne wancan mai tabarau? Ya ce wa mai gadi mai jinya na nan tafe, ya sauke ta nan kamar buhu. Na ce ka kama mu shiga da ita, ya ce in ledar ta fashe fa? Ɗanku ne?"

"A'a," na ce. "Ba namu ba ne."

Takardar majo na aljihunsa. Na goya Inde, ni da ke warin fata ita da ke warin ciwo, mai ƙosai ta riƙe ƙafar, muka shiga. Ma'aikaciyar da ta kwance ledar ba ta tambayi takarda ba, likita ta ruga kira. Washegari suka cire yatsu biyu. Likitan ya ce mu gode Allah da abin ya tsaya nan.

Ya dawo fa. Bayan an kwantar da ita sai ga shi da ledar lemo, motar na ƙyalli a waje. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Na koma neman ki ban gan ki ba."

Na dubi takalminsa. Ko ɗigon laka babu.

"Ajiye lemon ka tafi."

Baba ya iso da safe da lakar gona a ƙafarsa. Ya daɗe tsaye a kan uwarsa yana kallon ƙafar. Da zai fita na ga mai ƙosai ta tare shi a ƙofa tana magana tana nuna gindin katanga da matsami. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya wuce. Na yi jinyar Inde har aka sallame mu. Kwana a siminti, wankin tsumman ciwo, sauro, duk na sha, kuma ko sau ɗaya ban aika a kira mai jar mota ba.

Da muka dawo gida a motar haya, me zan tarar a ɗakin Inna? Akwatunan lefe, an jera su har uku. An kawo ina asibiti. A motar aro aka kawo su, don ba sai na gaya muku dalili ba. Goggo ta buɗe tana ɗaga atamfofi ɗaya bayan ɗaya.

"Duba wannan! Duba leshi! Ga kuma kaset ya aiko, na ce ba mai ji sai kin zo."

Ta sa shi da kanta a tsakar gida, ta ƙure murya. Inna na tankaɗe, Baba na gyaran ƙotar hauya a gindin zaure, Inde na kwance a ɗaki ƙofa a buɗe.

"Zuwaira, hasken idona," in ji kaset. "Na san kina fushi, ki yi haƙuri, sharrin damina ne. Albishirinki, na gano inda rufin ke yoyo, wata roba ce ta mutu, na aika a kawo. Shimfiɗar ma na canza, warin ya kusa fita. In Allah ya kai mu rani za ki ga amfanin motar nan. Ki gaida Inde."

Na kashe rediyon.

"Kin ji, har haƙuri ya bayar," in ji Goggo. "Namiji ya ba ki haƙuri a kaset, me kike nema kuma?"

"Goggo, a ƙasa ya ajiye uwarki."

"Ai ya kai ta! Da ba motar, da yanzu wani zancen ake. Ke dai kin samu abin fakewa. Wannan ma za ki kore shi? Shekara ashirin da huɗu! Wa ya rage? Kin san me za a ce? A ce ita ta kawo shi tana taƙama, ita ta mayar. Dariya za a yi miki har Ɗan Issa."

Nan ta taɓa inda ke mini ciwo, don gaskiya ta faɗa. Za a yi dariyar. Matan da na wuce a gabansu ina hura hanci za su samu abin tauna har kaka. Na dubi Inna. Ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, kowa da irin nasa. In kun yi aure ya canza motar."

"Motar zai canza, Inna."

Na shiga ɗaki na rufe akwatunan. Dogo ya zo duba Inde a ranar, amalankensa na ƙofar gida. Na kinkimo na farko na fita da shi, na dawo na ɗauki na biyu. Goggo ta biyo ni tana salati.

"Kin haukace? Ina aka taɓa yi, yarinya ta mayar da lefe da kanta? Wannan aikin manya ne! Dogo, kar ka ba ta jakin nan!"

Daga cikin ɗaki muryar Inde ta fito, siririya amma ta kai ko'ina.

"Dogo, ba ta jakin."

Na ɗora na ukun, na haye, na ɗauki sanda. Ban taɓa korar jaki ba. Na ce masa "Arr", ya dube ni ya kaɗa kunne. Na ɗan taɓa shi, ya yi baya maimakon gaba. Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. Zufa ta karyo mini.

"Zuwaira."

Na daskare. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan suna ba. Baba ne tsaye a bakin zaure, ya sa hularsa ta zuwa masallaci.

"Matsa," ya ce. "Ba a koya muku jaki a lakwal ba."

Na matsa. Ya hau ya karɓi sandar, ya yi wani ɗan sauti da harshe, jaki ya kama hanya. Goggo na kiran "Yaya! Yaya Garba!" bai waiga ba.

Gidansu Abdurrahman na can gefen tafki, hanyar siririya ce, kududdufi hagu da dama. Mun kai rabi sai muka ji injin niƙan nan. Ga ta nan tafe, ja, rufi a buɗe tunda rana ta fito. A kujerar da Inde ta zauna, ba buhu ba leda, baffansa ne Alhaji Tanko, wanda ya nema masa aurena, an cusa shi da babbar riga gwiwoyinsa a ƙirji, yana dafe da hula da hannu biyu. Ashe Goggo ta riga ta aika tun jiya cewa a zo a lallashe ni.

"Baba, mu kauce?"

"Ina ruwan jaki da kaucewa. Mai mota shi ya san abin da ya saya."

Jaki ya tsaya, hancinsa kusan a kan fitilar motar. Alhaji Tanko ya yi yunƙurin tashi, kujerar ta riƙe shi. Ya sake yunƙurawa, ya haƙura, ya yi magana daga inda yake, yana ɗaga kai sama don ya ga Baba.

"Malam Garba, lafiya? Mene ne wannan a bayanka?"

"Kayanku ne, Alhaji. Mun ga motar ba ta da wurinsu, muka ce bari mu kawo muku har gida."

Abdurrahman ya cire tabarau. Karon farko ke nan da na ga idonsa tun ranar da ya sayi motar.

"Zuwaira, da saninki ake wannan? A kan tsohuwar da na taimaka na kai asibiti?"

Baba ya ajiye sandar a cinyarsa.

"Ga ta nan," ya ce. "'Yar lakwal ce, tana da baki."

Mutane sun taru, masunta da mata masu ɗebo ruwa, duk wanda zai yi dariyar gobe yana wurin. Na miƙe tsaye a kan amalanken, na taka akwatin sama da ƙafa ɗaya, na ƙara ɗaure zanena.